Kafin a sa hannu a takardar bashin sabuwar mota

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani a nan Amurka inda nake zaune, wato yadda ake sayen sabuwar mota a kan bashi. Tun da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kafa hukumar CREDICORP a shekarar 2024 domin ma'aikata su riƙa sayen kaya suna biya kaɗan-kaɗan, har aka shigar da motocin da ake haɗawa a gida cikin shirin, 'yan'uwa da abokai suke bugo mini waya suna cewa su ma sun kusa zama kamar mu, mutum ya shiga shago da biro kawai ya fito da mota fil a leda. Ni kuwa duk lokacin da na ji wannan magana sai gabana ya faɗi, domin na san abin da biron yake rubutawa, kuma na taɓa biyan kuɗin rashin saninsa.

A watannin baya na raka ɗan yayata wani shagon dilolin mota a bayan garin Columbus ta jihar Ohio. Yaron yana ɗaukar fasinja da manhajar waya, tsohuwar motarsa ta fara cin kuɗin gyara fiye da abin da take kawowa, shi ya sa ya ƙudura sai sabuwar salun. Ga mai karatu na gida, ya kamata in faɗa cewa salun ta zama saniyar ware a kasuwar Amurka, domin jama'a sun koma kan jif da a-kori-kura. Kamfanin Ford ya daina ƙera Fusion a 2020, Chevrolet ya rufe babin Malibu a ƙarshen 2024, sai aka bar filin ga kamfanonin Japan da Koriya, irin su Toyota mai haɗa Camry a garin Georgetown na jihar Kentucky, da Honda da ta fara haɗa Accord a Marysville, nan kusa da mu, tun 1982. Su ne dai motocin da bayan shekara goma ko sha biyu ake lodawa a jirgin ruwa su sauka Legas ko Kwatano, mu kuma mu saye su a Kano mu raɗa musu sunaye. Matsakaicin farashin sabuwar mota a ƙasar ya kai kusan dala 50,000, amma salun tana ƙasa da haka sosai, kuma da yake ba ta da masoya kamar da, kamfanoni sukan yi mata rangwame domin ta bar filin ajiya.

Muna shiga aka tarbe mu da fara'a da kofin shayi. A jikin gilashin kowace sabuwar mota akwai wata takarda da doka ta wajabta liƙawa tun 1958, wadda ake kira da sunan Sanata Monroney na jihar Oklahoma da ya kawo ƙudurin, a ciki an rubuta farashin da kamfani ya ba da shawarar a sayar da ita da duk abin da ke cikinta. Yaron bai ko kalli takardar ba, hankalinsa yana kan kujeru da allon gaban direba. Da muka zauna, mai sayarwar ya ɗauko farar takarda ya raba ta gida huɗu da biro: gida ɗaya na farashin mota, ɗaya na kuɗin tsohuwar motar da za a karɓa a musaya, ɗaya na kafin alƙalami, na ƙarshe kuma na abin da za a riƙa biya duk wata. Bai tsaya a kan ukun farko ba. Kan biron ya ɗora a gida na huɗu, ya tambayi yaron nawa zai iya biya a wata ba tare da ya takura ba. Kafin in taka masa ƙafa ya riga ya ce dala 500.

Wannan tambaya ita ce dalilin rubuta wasiƙata. Duk wanda ya amsa ta ya miƙa wa dila linzami, saboda dala 500 a wata ba farashi ba ce. Tana iya zama dala 30,000, tana iya zama dala 36,000, tana iya zama dala 42,000, gwargwadon ko wata 60 za a yi ana biya, ko 72, ko 84. Da zarar an san adadin da mai saye ya amince da shi a wata, sauran gidaje ukun sun zama na dila, yana ƙara nan yana rage can, lambar wata kuwa tana nan daram, mai saye yana murna an ba shi abin da ya nema.

A ranar akwai tayi biyu a kan motar da yaron yake so, kuma aka ce sai dai ya zaɓi ɗaya: ko rangwamen kamfani, ko bashi marar kuɗin ruwa. Dukkansu tsofaffin dabaru ne. Rangwamen, wanda kamfanin da ya ƙera motar ne yake bayarwa ba dila ba, ya shahara ne tun Janairun 1975 lokacin da motocin Chrysler suka yi kwantai bayan tsadar man fetur, kamfanin ya fara tallar cewa duk wanda ya sayi mota za a aika masa da cak. Bashi marar ruwa kuwa General Motors ne ya baza shi bayan harin 11 ga Satumbar 2001, da kasuwa ta tsaya cik. Amma ruwa ba ya tsami banza. Manyan kamfanonin mota suna da nasu rassan ba da bashi, irin su Ford Credit da GM Financial da Toyota Financial Services, kuma idan reshen ya yafe kuɗin ruwa, uwar kamfanin ce take cike masa gurbin. Kuɗin da za a cike gurbin da su su ne dai waɗanda da an ba mai saye a matsayin rangwame. Shi ya sa ba a cika haɗa wa mutum biyun ba: kuɗi ɗaya ne, ana tambayarsa ta wace ƙofa yake so su fito.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma a bayan takardar mai gida huɗun na yi wa yaron shi. A ce mota dala 30,000 ce, rangwamen kuma dala 2,000. Wanda ya ɗauki bashi marar ruwa na wata 60 zai riƙa biyan dala 500, a ƙarshe ya biya 30,000 cif. Wanda ya karɓi rangwame ya ranto sauran dala 28,000 daga banki a kan ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, na wata 60 shi ma, zai riƙa biyan kimanin dala 541, jimilla ta kusa 32,500, wato rangwamen ya shiga aljihu ta dama ya fita ta hagu har ya ja wasu dala 2,500 ya tafi da su. Sai ruwan bankin ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin rangwamen ya fi, kuma ba kowace shekara ake samun irin wannan ba. Amma ga mai kuɗi a hannu, wanda zai biya lakadan, rangwamen riba ce tsantsa, bashi marar ruwan kuma asarar dala 2,000 ce. Saboda haka babu amsa ɗaya ga kowa, kuma duk wanda ya ce maka wannan ya fi wancan ba tare da ya tambaye ka ruwan da bankinka zai ɗora maka ba, hira yake yi.

Akwai kuma abin da tallar ba ta faɗa da ƙarfi. Bashi marar ruwa na masu kyakkyawan tarihin biyan bashi ne kawai. A Amurka mafi yawan baligai, kowa yana da maki tsakanin 300 da 850, wanda ake fitarwa daga bayanan da kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, suke tarawa a kan yadda yake biyan abin da ake binsa. Baƙo sabon zuwa ba shi da tarihi ko kaɗan, kuma abin mamaki ga Bahaushe shi ne, mutumin da bai taɓa cin bashi ba ba a ɗaukarsa amintacce, ana ɗaukarsa wanda ba a sani ba. Mutanenmu da yawa, waɗanda suka taso a kan cewa rashin bashi shi ne mutunci, a nan suke faɗawa. Talla ta kawo su don bashi marar ruwa, bayan awa uku a shago an ce musu makinsu bai kai ba, ga mota sun riga sun zauna a cikinta sun ɗauki hoto, sai su karɓi duk abin da aka miƙo.

Abin da aka miƙo ɗin kuwa a wani ƙaramin ofishi na ciki ake dafa shi, wurin jami'in kuɗi da inshora, kuma a nan ne ribar dila ta gaske take. Dila ba da kuɗinsa yake ba da bashi ba. Yana aika bayanan mai saye ga bankuna da kamfanonin lamuni, su dawo masa da ruwan da suka yarda su karɓa. Idan banki ya ce kashi 6, doka ba ta hana dila ya ce wa mai saye kashi 8 ba, kuma daga cikin bambancin ake biyansa la'adarsa. Ba dole ne ya faɗa maka lambar farko ba. A misalin da na kawo, ƙarin kashi 2 a kan dala 28,000 dala 26 ne kacal a wata, kuɗin da mutum ba zai ji a jikinsa ba, amma a wata 60 sun doshi dala 1,600. Idan kuma aka ga mai saye ya ɗaure fuska saboda biyan wata ya kai dala 568, sai a yi masa murmushi a miƙe bashin zuwa wata 72, biyan ya sauko dala 491, ƙasa da abin da ya roƙa, jimilla kuwa ta haura dala 35,300 a kan motar da aka yi masa rangwame zuwa 28,000. Zai fita yana godiya.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. A watan Disambar 2013 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, tare da Ma'aikatar Shari'a, sun sa kamfanin lamuni na Ally ya biya dala miliyan 98, miliyan 80 daga ciki diyya ce ga masu saye, bayan an gano cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya suna biyan ƙarin ruwa fiye da fararen fata masu maki irin nasu. Rassan ba da bashi na Honda da Toyota su ma sun yi sulhu a kan irin wannan batu a 2015 da 2016, suka amince su rage iyakar abin da dila zai iya ƙarawa. Amma a 2018 majalisar dokoki ta soke ƙa'idar da hukumar ta dogara da ita. Haka kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fito da sabuwar ƙa'ida a ƙarshen 2023 don hana diloli cusa kuɗaɗen ɓoye, sai wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe ta a Janairun 2025 tun ba ta fara aiki ba. Daga cikin abin da ya rage wa mai saye akwai tsohuwar dokar 1968 da ta wajabta a rubuta masa ƙarara ruwan shekara, da adadin da ya ranta, da kuɗin da bashin zai ci, da jimillar abin da zai biya. Lambobin suna nan a cikin akwatuna a saman takardar yarjejeniya, sai dai ana nuna ta ne bayan mutum ya gaji, yunwa ta kama shi, kuma jami'in yana nuna masa wurin sa hannu kawai.

Ni kaina haka aka yi mini a shekarata ta biyu a ƙasar nan, a wani shago da ba sai na faɗi sunansa ba. Na sa hannu da yamma, aka miƙo mini makulli, na kai motar masallaci ranar Juma'a aka yi ta sa albarka. Bayan kwana tara aka kira ni cewa bankin bai amince da bashin ba, in dawo in sa hannu a sabuwar takarda mai ruwa mafi yawa ko in mayar da mota, tsohuwar tawa kuma da na bayar a musaya an ce an riga an sayar. Ashe a cikin tarin takardun akwai wadda na sa wa hannu da ke cewa cinikin bai kammala ba sai banki ya amince. Ungulu da kan zabo ke nan. Na ji kunyar mayar da motar da jama'a suka riga suka yi wa addu'a, na sa hannu, na yi shekara shida ina biyan kuɗin wannan kunya. Na kuma koyi a lokacin cewa kwana ukun da mutane suke zaton doka ta ba mai saye ya fasa ciniki ba su shafi motar da aka saya a shagon dila ba.

Saboda haka kafin mu je da ɗan yayata na tilasta masa ya fara zuwa ƙungiyar ajiya da lamuni da yake da asusu a ciki, irin waɗanda mambobi ne suka mallake su kuma ruwansu yakan fi na manyan bankuna sauƙi, ya karɓo takardar amincewa da ke nuna nawa za su ba shi da kuma a kan wane ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan takarda a aljihu, maganar ofishin ciki ta koma tambaya ɗaya: za ku iya yin ƙasa da wannan ko ba za ku iya ba? Mutane suna tsoron zagaya bankuna don kada tambayar tarihin bashinsu da kowane banki zai yi ta rage musu maki, alhali tsarin makin yana ɗaukar duk tambayoyin bashin mota da aka yi cikin mako biyu a matsayin ɗaya.

Sai jami'in ya fito da katinsa na ƙarshe, wanda shi ne ya fi rikita masu saye a nan. Makin yaron bai kai na bashi marar ruwa ba, amma an ce akwai ƙarin rangwame da ba a samu sai idan an ɗauki bashin daga reshen kamfanin, a kan ruwansu na yau da kullum wanda ya fi na ƙungiyarsa. A nan ne sauya bashi yake shigowa, wato mutum ya karɓi rangwamen, ya ɗauki bashin kamfanin, daga baya ya je wata cibiya mai sauƙin ruwa ta biya kamfanin gaba ɗaya, shi kuma ya koma biyan sabuwar cibiyar. Halattacciyar hanya ce a dokar ƙasar, kuma yawancin basussukan mota ana lissafa ruwansu ne a kan abin da ya rage, ba a cin tarar wanda ya biya da wuri, amma dole mutum ya nemi wannan layi a cikin yarjejeniyarsa ya karanta da idonsa, tare da sharaɗin rangwamen kansa. Jami'in ya ce wa yaron sai ya yi biya uku kafin ya sauya. Na roƙe shi cikin ladabi ya nuna mana inda aka rubuta haka, sai ya yi dariya ya ce roƙo ne ba sharaɗi ba. Gaskiyar maganar ita ce, idan aka biya bashin a watannin farko, kamfanin lamuni yakan karɓe la'adar da ya ba dila. A ganina babu laifi mutum ya jira wata ukun idan an yi masa ciniki na mutunci, amma ya san cewa alfarma yake yi, kuma ya san kuɗinta.

Sauya bashi yana da amfani ne idan an yi shi da wuri, domin ruwan ya fi yawa a farko lokacin da uwar kuɗin take da kauri. A bashin dala 28,000 mai ruwan kashi 8, daga cikin biyan watan farko kimanin dala 187 ruwa ne zalla, a shekarar ƙarshe kuwa kusan duk abin da ake biya uwar kuɗi ce. Wanda ya sauya zuwa kashi 6 bayan biya huɗu, ya bar wa'adin yadda yake, zai tsira da kusan dala 1,400. Wanda ya jira shekara huɗu ya makara. Waɗanda suka sayi mota a 2023, lokacin da babban bankin Amurka ya kai ruwansa tsakanin kashi 5.25 da 5.5 bayan ƙare-ƙaren da ya fara a Maris ɗin 2022, suna da dalilin sake duba bashinsu tun da aka fara sassautowa a Satumbar 2024, haka ma wanda makinsa ya ƙaru bayan shekara guda yana biya a kan lokaci. Amma na ga mutanenmu da yawa da suka mayar da sauya bashi hanyar rage biyan wata kawai: saura shekara uku su gama, sai su sake ƙulla sabon na shekara biyar, su ce sun samu sauƙi. Wancan gida na huɗu ne ya biyo su har gida.

Yaron ya ɗauki bashin kamfanin da niyyar sauya shi daga baya, amma inda ya yi tuntuɓe shi ne wurin kayan ƙari. Ina fita yin sallar La'asar, kafin in dawo an sayar masa da ƙarin garanti da inshorar taya da wani maganin kare fenti, duk an zuba su cikin bashin, an ce masa dala kaɗan ne a wata. Da ya je sauya bashin, ƙungiyarsa ta duba darajar motar a kasuwa, wadda ta riga ta faɗi tun ranar da ta bar shago ta zama ta hannu, ta ga abin da ake binsa ya ɗara abin da za su iya bayarwa a kanta. Ya kira ni murya a sanyaye ya ce, Kawu, sun ce bashin ya fi motar. Sai da muka rubuta takardun soke garantin da inshorar tayar, aka mayar da kuɗinsu cikin bashin bayan makonni, ya kuma cika da abin da ya tara, sannan aka karɓe shi. Kuɗin fentin kuwa sun tafi. Daga cikin kayan ƙarin nan guda ɗaya ne nake ganin yana da ma'ana ga wanda bai ba da kafin alƙalami mai yawa ba, wato inshorar da ke cike giɓi tsakanin darajar mota da sauran bashi idan motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, ita ma sau da yawa ta fi araha a wurin kamfanin inshorar mutum. Akwai kuma sabon abin da diloli suke jan hankali da shi tun da aka sa hannu a dokar haraji ta Yulin 2025, wadda ta ba da dama a cire ruwan bashin sabuwar motar da aka haɗa a Amurka, har zuwa dala 10,000 a shekara, daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji. Wasu suna jin kamar gwamnati ce za ta biya musu ruwan, alhali wani yanki ne kawai yake dawowa, gwargwadon matakin harajin mutum.

Na san tun ɗazu wasu masu karatu suna cewa wannan mutum yana ta lissafin ruwa kamar ba ribar da addini ya haramta ba ce. Ba a manta ba, kuma ita ce maganar da ta fi ɗaukar lokaci a harabar masallatanmu na nan. Akwai waɗanda suka rantse ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, suna yin adashi su sayi tsohuwar mota lakadan, kuma ina ganin su da daraja. Akwai waɗanda suke jiran tayin bashi marar ruwa, suna cewa farashi ɗaya ne ƙayyadadde aka raba shi wata-wata. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya a kan jinkiri da farashin da ya fi na lakadan, muddin an tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1990, don haka rasa rangwamen bai ɓata cinikin ba. Masu ja da su kuma suna nuna sharaɗin tarar jinkirin biya da ke cikin kusan kowace yarjejeniya. Hukuncin na malamai ne, kuma kowa ya kai musu takardarsa a rubuce, ba labarin da dila ya ba shi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, mai gudun riba ma bai tsira daga buƙatar lissafi ba. A gida akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, waɗanda suke sayen kaya su sayar wa mutum da riba sananniya ta hanyar murabaha. Halaccin ciniki abu ɗaya ne, arahar sa abu ne daban, kuma a can ma idan ma'aikaci ya kalli abin da za a riƙa cirewa daga albashinsa kawai bai tambayi jimilla ba, bai kwatanta ta da farashin lakadan a kasuwa ba, zai iya sayen mota ɗaya da kuɗin mota ɗaya da rabi cikin yardar ransa.

Akwai wata illa kuma da ta shafi zumunci. Yaron nan bai kai gida ba sai da ya ɗora hoton motar a Facebook, kafin gari ya waye saƙonni sun cika wayarsa daga Zariya, masu taya murna da masu tuna masa rufin ɗaki da kuɗin makaranta. Babu wanda ya san cewa motar ba tasa ba ce tukuna, sunan mai ba da bashi yana kan takardar mallaka, kuma a yawancin jihohin ƙasar nan idan mutum ya gaza biya ana iya zuwa a janye ta daga ƙofar gidansa da tsakar dare ba tare da an je kotu ba, a yi gwanjonta, idan kuɗin bai kai ba a ci gaba da binsa cikon. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a hoto ba a ganin sa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku za su kawo labarin shirye-shiryen bashin mota da na babura da na Keke Napep da ake ƙaddamarwa a gida, kada su tsaya a kan abin da za a riƙa biya a wata, domin ita ce lambar da mai shirin zai fara faɗa. Su tambayi farashin motar lakadan, da jimillar abin da mai saye zai biya daga kafin alƙalami zuwa biyan ƙarshe, da ko ana cin tarar wanda ya biya da wuri ko ya mayar da bashinsa wani banki, da kuma biya nawa ne idan mutum ya tsallake za a zo a ɗauke motar, sannan a buga amsoshin gefe da gefe da hoton bikin miƙa makulli. Ɗan yayata yanzu saura masa biya 51, kuma takardar nan mai gida huɗu tana nan a aljihun gaban motarsa, da lissafina a bayanta.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Columbus, jihar Ohio, Amurka